Lalacewar famfon mai: Ciwon da ke kwantar da manyan motoci a dajin Bune

Duk wanda ya saba bin hanyoyin rairayin da suka ratsa ƙaramar hukumar Bune, kudu da garin Gure a Jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, ba zai rasa cin karo da babbar mota tsaye a gindin tudu an buɗe mata baki ba, yaron mota na kwance a ƙarƙashinta yana laɓe wa rana, direba kuwa ya hau babur ya nufi gari neman bakanike. A bayan motar ko dai buhunan kanwa ne da gero, ko kuwa dabbobi ne da aka ɗauro za a kai kasuwa, suna ta kuka saboda ƙishi. In ka tsaya ka yi musu sannu, ka tambayi abin da ya faru, sau da yawa amsar ba ta wuce kalma biyu: “Famfo ne.”

Wannan famfo da ake magana a kai shi ne na'urar da ke tura man dizal, wanda mutanen Nijar suka fi sani da gazuwal, zuwa cikin inji. Girmansa bai wuce a ɗauke shi da hannu biyu ba, amma ranar da ya tsaya, kasuwar mutum goma ce ta tsaya. Mai mota ya shiga bashi, direba da yaransa sun zauna, mai kaya ya rasa ranar kasuwa, dabbar da ta kwana biyu a ɗaure kuwa ta zube, farashinta ya faɗi. Mun ga ya dace mu yi tsokaci a kan wannan al'amari ne saboda yadda yake ƙara yawaita, da kuma yadda ake ɗaukarsa a matsayin tsautsayi kawai, alhali kuwa masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Yankin Bune yana daf da iyakar Nijeriya, kuma rayuwar mutanensa, Mangawa da Hausawa da Fulani, ta rataya ne a kan noma da kiwo da abin da ake samu a kwaruruka, kamar kanwa da dabino da rogo. Babbar hanyar kwalta, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Damagaram da Gidimuni da Gure ta nufi Diffa, ta arewa ta wuce. Abin da ya saura na ratse ne, hanyoyin da babu mai iya musu sai mota mai ƙarfi, kuma irin waɗannan motoci dizal suke sha. Su ne ke haɗa ƙauyuka da kasuwannin Gidigir da Gure, su ne kuma ke gangarawa kudu wajen Machina da Nguru da Maigatari. Motar ɗaukar marasa lafiya ma, da injin da ke jawo ruwan rijiyar burtsatse a wurare da dama, duk da wannan mai suke aiki. Ke nan lafiyar famfon mai a irin wannan wuri ta wuce maganar kanikawa.

Abin da ya kamata mu fara fahimta shi ne, motocin sun canja, amma yadda muke ba su mai yana nan yadda yake tun zamanin kakanni. Tsofaffin gingimari ƙirar Marsandi, da Land Cruiser mai injin 1HZ da kamfanin Toyota ya fara yi a 1990, suna amfani ne da famfo irin na da, wanda tsarinsa ya samo asali tun 1927 lokacin da kamfanin Bosch na Jamus ya fara ƙera shi da yawa. Irin wannan famfo yana da haƙuri. A manyan motoci ma man inji ne ke shafe ƙasansa, saboda haka ko an ba shi dizal mai ɗan gauraye yakan yi tari ya yi hayaƙi, ya ci gaba da tafiya. Bakanike kuma yana iya kwance shi a kan tabarma, ya wanke, ya mayar.

A shekarun 1990 aka fara fito da wani sabon tsari da ake kira komon rel, inda famfo ke matse mai ya tara shi a cikin bututu guda, kwamfutar mota kuma ta riƙa buɗe nozul tana fesa shi daidai gwargwado. Hilux ta koma wannan tsari tun wajen 2005, haka kuma yawancin tireloli da tifofin da ake shigowa da su na hannu daga Turai, da wasu sababbi daga Sin. Amfaninsa a fili yake: ƙarfi ya ƙaru, shan mai ya ragu, hayaƙi ya yi sauƙi. Sai dai matsin da ke cikinsa yakan kai ma'aunin ba 1,600 zuwa 2,000, har ya wuce. Don mai karatu ya gane, iskar da ke cikin tayar tirela ba ta wuce ba 8 ko 9. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan da ke gogayya a ciki kuwa 'yan maikuron kaɗan ce, alhali kaurin silin gashin mutum ya kai kimanin maikuron 70. Ƙurar da ido ba ya gani ma ta isa ta kankare su. Bugu da ƙari, a yawancin irin waɗannan famfuna, shi kansa dizal ɗin da ke wucewa shi ne man shafawarsu, shi ne kuma ke sanyaya su. A nan gizo ke saƙa. Idan man ya rasa santsi, ƙarfe zai ci ƙarfe.

Ba mu kaɗai wannan ciwo ya dama ba. A Amurka, inda gidajen mai ke da tsafta, wani famfo na Bosch mai suna CP4 ya jawo ƙararraki a kotu. An sa shi a manyan a-kori-kura na Ford daga 2011, da na General Motors daga 2011 zuwa 2016, da kuma na Ram a 2019 da 2020. A ƙarshen 2021 sai da kamfanin da ke ƙera Ram ya kira motoci sama da 200,000 aka sauya musu famfo. Masu motocin na cewa ƙirar ce ba ta dace da man ƙasarsu ba, domin ƙa'idar santsin dizal a Amurka ta fi ta Turai sassauci, masu ƙerawa kuma sukan ɗora laifin a kan gurɓataccen mai. Ko ma wane ne ke da gaskiya, yadda ɓarnar ke faruwa ɗaya ce. Da zarar ɗan gangar ƙarfen da ke birgima a cikin famfon ya fara zamewa, sai ya riƙa aske ƙarfe kamar garin kwalli. Garin nan ya bi mai ya shiga bututu, ya shiga nozul duka, ragowar kuma ya bi hanyar komawa ya zuba a tanki. Shi ya sa sauya famfo kaɗai ba ya magani. Dole a sauya nozul da bututu, a sauke tanki a wanke, kuma a can kuɗin wannan aiki yakan kai kusan Dalar Amurka 10,000. Har wata na'ura suka ƙirƙiro wadda ke karkatar da man da ya shafe cikin famfo ya bi ta mataci ya koma tanki, don in famfon ya mutu ya mutu shi kaɗai. To, idan haka ta faru a ƙasar da ake auna mai kafin a sayar, ina ga motar da ake ɗura wa mai daga jarka a tsakiyar guguwa?

Abin takaicin shi ne, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Idan dai ba a manta ba, a ranar 28 ga Nuwamba, 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewa da birnin Damagaram, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a kullum daga ɗanyen man Agadem, kamfanin CNPC na Sin na da kashi 60 cikin ɗari, gwamnatin Nijar na da 40. Dizal ne ya fi yawa a cikin abin da matatar ke fitarwa, har ƙasar kan sayar wa maƙwabta. A Afrilun 2024 ma an ƙulla yarjejeniyar sayar wa Mali lita miliyan 150 don injinan wutar lantarkinta. Amma duk da cewa a jiha ɗaya suke da matatar, direban da ya yi nisa da kwalta a dajin Bune, abin da ke gabansa shi ne duro da jarka da kwalba, wato kasuwar da a Nijar ake kira ruwa-ruwa, a Nijeriya kuma ake ce wa masu ita 'yan bumburutu.

Ita wannan kasuwa farashi ne ke juya ta, kuma bakin iyaka ne gonarta. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, dizal ya ninka kuɗinsa fiye da sau biyu a Nijeriya, inda gwamnati ta daɗe da cire hannunta daga farashinsa. Nan da nan man Nijar mai araha ya riƙa tsiyaya kudu, gidajen mai suka bushe, gwamnati ta taƙaita fitar da shi, sannan a watan Agusta ta ɗaga lita daga Sefa 538 zuwa 668, matakin da yana cikin abubuwan da suka haifar da ƙungiyar M62. A Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya janye tallafin fetur. Bayan wata biyu aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, aka rufe iyaka, ba a sake buɗe ta ba sai a Maris na 2024. A Yulin 2024 hukumomin soja suka sauko da dizal zuwa Sefa 618. A Maris na 2025 kuma aka yi fama da ƙarancin fetur a faɗin ƙasar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ya sauya alƙiblar da jarka ke bi, wani lokaci ta yi kudu, wani lokaci ta yi arewa, amma babu wanda ya rage yawan hannuwan da mai ke bi kafin ya isa tanki. Kuma a kowane hannu akwai abin da zai iya shiga cikinsa.

Ba muna cewa duk mai sayar da man jarka macuci ne ba. Da yawansu talakawa ne masu neman abin sa wa a bakin salati, kuma ba don su ba da motoci da dama ba su isa ƙauyuka ba. Galibin gurɓatar ma ba da gangan take faruwa ba. Duron da ya kwana a waje da damina ruwa na taruwa a kan murfinsa, in gari ya yi sanyi ya zuƙe shi ciki. Tankin da aka bari rabi da hunturu, zafin rana da sanyin dare kan sa raɓa ta taru a jikinsa ta gangara ƙasa. Ruwan nan shi ke kawo tsatsa, shi ke kashe santsin mai, kuma a inda ya haɗu da dizal wasu ƙwayoyin halitta kan hayayyafa su zama baƙin kauci mai toshe filta. Ga rairayi da ƙurar hunturu da ke shiga ta mazurari da bakin jarka. Ga jarkar da jiya fetur ta ɗauka, yau an zuba mata dizal. Sai kuma na ganganci, masu haɗa shi da kananzir ko wani tarkacen mai duk lokacin da hakan ya fi riba. Kananzir ba shi da santsin da famfon zamani ke bukata, fetur kuwa ya fi shi muni. Hanyar hukuma ma ba ta tsira ba, domin a Fabrairun 2022 Nijeriya ta shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, aka janye shi daga kasuwa bayan ya lalata motocin jama'a.

Akwai kuma maganar farar wuta da ke cikin dizal, wadda ita ma wuƙa ce mai baki biyu. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta auna man da ake sayarwa a ƙasashen Afirka takwas, ta sami wanda farar wutar cikinsa ta ninka abin da aka yarda da shi a Turai sau ɗaruruwa. Turai ta tsaya ne a kan kashi 10 cikin miliyan tun 2009, ƙungiyar ECOWAS kuma ta amince da kashi 50 a 2020, kafin Nijar ta fice daga cikinta a Janairun 2025. Yawan farar wuta yana cutar da huhun mutane, yana lalata man inji da na'urorin tace hayaƙi. Amma kuma aikin cire ta a matata yana tafiya da sinadaran da ke ba dizal santsi, sai an ƙara masa wani magani. Ma'ana, ko tsabtataccen mai ne, dole a sami mai auna shi ya tabbatar an yi abin da ya dace.

To, mene ne abin yi? Mu dai a ganinmu, kafin a jira gwamnati, mafi yawan rigakafin yana hannun mai mota da direbansa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Da farko, duk motar da ke shiga daji ya kamata a ƙara mata filta ta biyu mai raba ruwa da mai, irin mai kofin gilashi a ƙasa, a ɗaura ta kafin filtar da motar ta zo da ita. Ta farko ta tare ruwa da manyan datti, ta biyu mai ƙananan ƙofofi, maikuron 2 zuwa 5, ta tare ƙura. Kowace safiya, kamar yadda ake duba ruwa da man inji, direba ya kwance ƙasan kofin ya zubar da abin da ya kwanta. Sai dai a sa wadda ta dace da girman injin, domin filtar da ta yi ƙanƙanta tana shaƙe famfo, shaƙewar kuma ita ma kisa ce.

Na biyu, a daina jiran ranar da littafin mota ya ce a sauya filta, domin ba don hanyar Bune aka rubuta littafin ba. A sauya da wuri, a kuma riƙa tafiya da guda a ajiye. A guji jabu, waɗanda kwalinsu ke da kyau amma cikinsu takardar banza ce, araha ba ta ado. Haka nan al'adar nan ta cika sabuwar filta da mai daga jarka kafin a ɗaura ta, a sabon inji ganganci ne, domin wani ɓangare na man zai wuce famfo ba tare da an tace shi ba.

Na uku, idan dole ce ta sa a sayi man duro, a bar shi ya kwana ya kwanta, a ɗiba daga sama, kada a girgiza, kada kuma a tatse shi har gindi. A zuba kaɗan a farar kwalba a ɗaga wa rana: mai kyau garau yake, mai ruwa kuwa yakan yi hazo ko ya rabu biyu. Akwai mazurari mai raga da ke hana ruwa wucewa, ya fi tsumman da ake ɗaurawa, wanda shi kansa yana zubar da zare. Duro kuma a kwantar da shi a inuwa, a rufe bakinsa.

Na huɗu, a cika tanki da yamma don raɓa ta rasa wurin taruwa, kada kuma a bari mai ya sauka ƙasa da kwata. A kan tudun rairayi mota na tangaɗi, in man ya yi ƙasa famfo zai zuƙi iska, daƙiƙa kaɗan na gogayya a bushe kuwa sun isa su fara ɓarna. Idan aka yi kuskure aka zuba fetur, ko makulli kada a murɗa, a sauke tankin. Zuba tsohon baƙin mai a tanki da sunan ƙara santsi, wanda tsofaffin motoci ke jurewa, guba ne ga sababbi.

Na biyar, a san alamomin ciwon. Wuyar tashi da safe, raguwar ƙarfi a hawa, mutuwa a tsaye, da fitilar gargaɗi, duk kira ne. Idan aka kwance filta aka ga abu na ƙyalli kamar garin azurfa, tafiya ta ƙare, a kashe mota a nemi mai ja. Direban da ya ce bari ya lallaɓa ya isa gari, ya sani kowace kilomita tana ƙara wa maigidansa bashi. Kanikawa su ma su yi hattara da tsohuwar dabarar sassauta bututun nozul inji na aiki don fitar da iska, domin man da ke fita da irin wannan matsi yana huda fata, ya kan kai ga yanke yatsa ko hannu.

Amma fa duk wannan ba zai wadatar ba in hukuma ta naɗe hannu. Ƙasar da ke sayar wa maƙwabta dizal bai kamata a ce manyan garuruwan ƙananan hukumominta da ranakun kasuwanninsu sun dogara da jarka ba. Kamfanin SONIDEP, wanda rarraba mai a ƙasa ke hannunsa, da 'yan kasuwa masu gidajen mai, ya kamata a zauna da su a ga yadda famfon sayar da mai zai matsa kusa da mutanen karkara, ko da ƙananan tankuna ne masu mataci. Kame da ƙwace jarkoki kaɗai ba zai kashe ruwa-ruwa ba muddin babu madadinsa. Masu sa ido kan ingancin mai kuma su fita daga manyan birane, su riƙa auna ruwan da ke ƙasan tankunan gidajen mai, musamman bayan damina, su kuma bayyana wa jama'a sakamakon. Hukumomin Nijeriya da ke ɗaya gefen iyakar su ma wannan nauyi yana kansu, tunda mota ɗaya ce ke shan man ƙasashen biyu a mako guda.

Sai batun ilimi. Kanikawanmu gwanaye ne, da kunne suke gane ciwon inji, amma sabon famfo yana bukatar ɗaki mai tsafta da na'urar gwaji da kwamfuta. Yau in ya lalace a Bune, sai an cire shi an kai Damagaram ko Kano, mota na zaune mako ko fiye. Wanda ya ce zai kwance shi a kan rairayi kuwa, gyaran gangar auzinawa zai yi. Cibiyoyin koyar da sana'o'i na jihar ya kamata su sa wannan fanni a cikin karatunsu, ƙungiyoyin direbobi kuma su riƙa tara 'ya'yansu a tasha ana nuna musu waɗannan abubuwa a aikace, da harshen da suke ji. Masu sayen mota su ma su yi wa kansu faɗa: kafin ka biya kuɗi, ka tambayi irin famfon da ke ciki, ka tambayi kanka inda za ka riƙa shan mai da wanda zai gyara maka. Tsofaffin injina masu haƙuri suna ƙarewa, ba kuma za su dawo ba, saboda haka ko mun so ko mun ƙi, sai mun koyi zama da sababbin.

Filta da mazurari da kwana ɗaya na haƙuri a bar mai ya kwanta, duka ba su kai kuɗin nozul guda ba, kuma babbar mota shida take da su. Wannan lissafi ne da kowane mai mota zai iya yi da yatsunsa, tun kafin motarsa ta kwana a gindin tudu da dabbobin mutane a bayanta. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kuma sa masu iko su ji.